Neman Kiri-kiri Daga Bebeji Zuwa Doguwa

Fita daga Kano

Tun kafin a kira assalatu na fito daga gida, jaka a bayana, hannuna riƙe da bokitan fenti guda huɗu da na wanke na jera ɗaya cikin ɗaya. A cikin na sama akwai ƙaramin shebur na hannu da tsofaffin buhunan algarara da zan riƙa jiƙawa ina rufe kayana. Umma ta rako ni har zaure da fitilar waya.

"Ka gaishe da Kawunka Sale," ta ce. "Kuma don Allah, Hafizu, ka riƙa buɗe baki kana magana. Kada ka je gidan mutane ka zauna kamar an dasa ka."

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Ina shekarar ƙarshe a karatun aikin gona, aikin kammalawata kuma a kan ciyawar da ake shimfiɗawa a shataletale da tsakiyar titi da filayen wasa ne. Duk wanda ya zaga Kano da bazara ya ga halin da take ciki. Wadda ake sayowa wajen masu furanni da damina kore ce shar, amma tankar ruwa na daina zuwa sai ta koma kamar tsohuwar tabarma. Malamin da ke duba aikina, wanda muke kira Dakta, yana ganin muna da tamu a gida, wato kiri-kiri, wadda ke rarrafe a ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa. Sai dai kiri-kirin wani wuri ba ɗaya take da ta wani wuri ba. Kowace ta saba da irin wahalar da ta tashi a cikinta.

Don haka ya umarce ni in samo ta daga wurare huɗu, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a tsakiyar zafi, daga inda babu mai ba ta ruwa. A haƙo ta da saiwarta da ƙasarta, kowace a bokitinta. Ya ba ni kwana huɗu, domin a safiyar na biyar za a sakar wa fangulan gwaji ruwa a gonar makaranta, wanda bai dasa nasa ba kuwa sai bazarar baɗi. Shekara guda ke nan a kan karatuna.

"Abu ɗaya zan gaya maka," in ji Dakta. "Idan suka gauraya, ba ka da aiki. Ciyawar da ba a san asalinta ba abincin tumaki ce."

A tasha na yi sallar Asuba. Motar ba ta cika ba sai da gari ya yi haske, muka ɗauki hanyar Zariya.

Bebeji

Wajen ƙarfe takwas aka sauke ni, na sha koko da ƙosai a bakin titi, na hau acaɓa zuwa gefen tafkin Bagauda. Inda ake noman rani duk kore ne, amma wannan ba ta da amfani a wurina tunda ana shayar da ita. Na yi ta bin gaɓar da ruwa ya janye tun kaka, inda ƙasa ta tsattsage har ɗan yatsa yana shiga. Rana ta kusa tsakiya kafin na ga abin da nake nema a iyakar wata gona: shimfiɗar kiri-kiri kore a kan baƙar laka busasshiya. Da damina ruwa ke shanye wurin, da rani ya bushe ƙamas, ga ta nan kuma da ranta.

Mai gonar wani dattijo ne mai jar hula, yana gyaran kunya can gefe. Na yi sallama na durƙusa, na ce ina neman izini in ɗebi ciyawar nan kaɗan.

"Wace ciyawa, samari?"

Na nuna masa.

"Kiri-kiri? Magani aka aiko ka haɗawa?"

"A'a, Baba. Kano zan kai a dasa."

Ya ajiye fartanya ya dube ni tun daga hula har takalmi. "A dasa. Da gangan?" Sai ya ɗaga murya ya kira maƙwabcinsa. "Kai, zo ka ji ikon Allah! Wai mutanen birni kiri-kiri za su shuka!"

Suka tsaya a kaina su biyu ina haƙa. Dattijon ya ce shi ko wanda suke shari'ar gona da shi ba zai jefa wa wannan abu a gonarsa ba, yana tsoron Allah. Ya ja ni ya nuna mini wani tulin toka mai tsayin gwiwa, ya ce duk ita ce, wata guda ya yi yana tonowa yana ƙonawa. Na tsaya ina kallon tokar bakina a buɗe. Abin da na kwashe watanni ina karanta darajarsa, ga shi nan an tara an cinna masa wuta, ana murna. Na rubuta BEBEJI a jikin bokiti, na jiƙa buhu a tafki na rufe.

Kiru

Daga nan ɗan acaɓa ya bi da ni ta hanyar ƙauyuka zuwa Kiru. Duk ramin da muka faɗa sai na rungume bokitin, shi kuwa yana tambayata ko ƙwai ne a ciki. Na sauka gidan mahaifin wani abokin karatuna, wanda aka riga aka yi wa waya. Bayan La'asar na nemi izinin shugaban wata firamare ta gefen gari, na shiga filin ƙwallonsu.

Tsakiyar filin yashi ne tsantsa, fari, mai zafin da ban iya barin tafin hannuna a kansa ba. Amma daga bayan turken raga zuwa kusurwa ga kiri-kiri nan ta kwanta lif da ƙasa, ganyenta ƙanana kamar an aske. Rabon wurin da ruwan sama tun ƙarshen damina, kuma kullum ƙafafu ne a kanta. Na fara haƙa ina zaton taki ɗaya zai isa. Na kai tsawon hannuna har gwiwar hannu, saiwar ba ta ƙare ba, sai da na haƙura na yanke. Na zauna a bakin ramin ina kallonta, ina jin kamar in ba ta haƙuri.

Da dare aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Na lura awakin gidan sun fara zagaye bokitaina, sai na shigar da su ɗakin baƙi na ajiye kusa da tabarma. Da safe mai gidan ya leƙo ya gan su, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Karatu iri-iri ne."

Tudun Wada

Mota ta kai ni Kwanar Ɗangora, na canja wata mai zuwa Tudun Wada. Direban ya so ya ɗaure bokitan a bayan but tare da buhunan taki, na ce a'a, sai da na biya musu kujera guda. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce tunda take ba ta taɓa zama kusa da fasinjan da ba ya gumi ba.

Na yi sa'a ranar kasuwa ce. Na wuce kai tsaye kara, inda ake ɗaure shanu. A nan wahalar ciyawa kofato ne da fitsarin dabbobi, wanda gishirinsa ke ƙone kusan kowane tsiro. A gindin turakun da ke bakin shinge na same ta, gajeriya, mai kauri, launinta ya yi duhu. Na durƙusa tsakanin wani bijimi da wata karsana ina haƙa ina waige-waige don ban saba da shanu ba. Nan da nan dillalai suka taru.

"Malam, ragon layya ake wa tanadi?"

"Da wannan cokalin? Kafin ya ƙoshi an yi Sallah uku!"

"Ku bar shi, ɗan boko ne. Ƙila sunanta zai tambaye ta."

Ban ɗago ba. Kunnuwana sun yi zafi, amma na gama, na rubuta TUDUN WADA, na rufe. Na sayi fura da nono wajen wata Bafulatana na sha a tsaye, na nufi motar Doguwa.

A shingen jami'an tsaro na shiga dajin Falgore aka ce kowa ya nuna kayansa. Wani jami'i ya ɗaga jiƙaƙƙen buhun, ya dubi ciyawar, ya dube ni.

"Mene ne a ƙarƙashi?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

Ya tsinki ganye ya murza ya shinshina. Ya ɗauko tsinke zai caka, na ji muryata ta fita ba shiri: "Don Allah ta gefe, akwai saiwa." Ya caka ta gefe a hankali, bokiti uku, sannan ya duba katin makarantata ya miƙo mini yana girgiza kai. Har muka fita dajin fasinjoji ba su daina dariya ba.

Doguwa

Ana kiran Magariba na isa gidan Kawu Sale, ƙanin Umma. Manomi ne, masara da damina, lambu da rani a fadamar bayan gari. Rabona da shi tun ina firamare. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana kiran matarsa, Inna Larai, ta zo ta ga yadda na girma. Na ajiye bokitan uku a inuwar rumbu, na yayyafa musu ruwa, na kife musu kwando saboda kaji.

Kawu ya ɗaga kwandon ya leƙa.

"Wannan ba kiri-kiri ba ce?"

"Ita ce, Kawu. A makaranta ake so."

"Tun daga Kano, kwana biyu kana hanya, abin da ka samo ke nan?"

Na ce eh. Na so in ƙara bayani, amma aka shigo da tuwon masara, maƙwabta suka fara zuwa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa na tambayar Umma. Maganar ta wuce. Ni kuma a raina ban ga mai taɓa bokitin ciyawa ba.

Washegari da sassafe na ɗauki bokiti na huɗu na nufi gindin duwatsu. A can nake neman wadda ta saba da tsakuwa da inuwar bishiya, domin titunan birni da yawa haka suke. Na sha tafiya. Na same ta a ƙarƙashin wata ɗorawa, a kan jar ƙasa mai tsakuwa wadda shebur ke ƙara in ya taɓa. Na juyo gida bayan Azahar ina jin daɗi, har ina lissafa yadda zan jera fangulana.

Tun daga nesa na hangi mutane a ƙofar gidan Kawu. Na zaci rasuwa aka yi. Da na matso sai na ga majiya ƙarfi ne kusan ashirin zaune a inuwa, fartanyu jingine da bango, ana shan kunun tsamiya. A tsakiyar fili ga tulin kiri-kiri ya fi tsayin ƙuguna, ana ɗura ta a buhuna ana dannawa da ƙafa.

Kawu ya taso fuskarsa cike da fara'a. "Ga mai kayan nan ya dawo! Ɗan 'yar'uwata ba zai zo garin nan ya koma da abin da bai cika hula ba. Gayya na kira, mun share fadamar tas. Buhu shida, in ba su isa ba gobe a ƙaro."

Na dubi inuwar rumbu. Kwandon na nan a jingine. Babu bokiti ko ɗaya.

"Kawu, waɗanda na zo da su fa?"

"Suna ciki. Su muka fara zubawa, don albarka."

Ban san lokacin da na ajiye bokitin hannuna ba. Inna Larai ta fito daga madafa tana share hannu da zane. "Bokitanka ga su can a kife, na wanke maka. Har baƙin rubutun da ya ɓata su na kankare da toka."

Wani tunani ya zo mini, na durƙusa gaban tulin na fara tonawa da hannu. Ƙasar Bebeji baƙar laka ce, ta Kiru farin yashi, ta Tudun Wada tana warin kashin shanu. Idan ƙasar na jikin saiwa, zan iya ware su ko da zan kwana ina yi. Na ciro damƙi ɗaya, na ciro na biyu, na goma. Kowace saiwa fara ce fes. A nan ba a fitar da ciyawa daga gona da ƙasarta. Duk wanda ya tumɓuko ta sai ya buga saiwar a ƙotar fartanya har ta fita tas, don ƙasa dukiya ce, kuma ciyawar da aka kakkaɓe ba ta saurin sake kamawa. Hannunsu ya saba. Tawa ma da suka juye daga bokiti haka suka yi mata.

Mutum ashirin suna kallona, sun bar aikinsu tun safe saboda ni. Na miƙe, na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi musu sannu da aiki, Allah ya saka da alheri. Wani ya tambaye ni ko gaskiya ne birni an fara neman kiri-kiri, don shi ma tasa gonar tana nan. Ban tuna amsar da na ba shi ba. Na ɗauki bokitin Doguwa na shiga ɗaki na zauna da shi a tsakanin ƙafafuna. Saura yini guda, ina da ɗaya cikin huɗu.

Har aka yi La'asar ina neman yadda zan fara. Ban taɓa gaya wa babba ya yi kuskure ba, balle wanda ya tara gari don ya fita kunyata. Na same shi shi kaɗai a gindin mangwaro yana gyara igiya, na zauna a ƙasa nesa kaɗan.

"Kawu, akwai magana."

"Ba su isa ba ko?"

"Sun yi yawa ma. Amma ba za su yi aikin ba."

Ya daina murza igiyar. Na bayyana masa cewa kowane bokiti daga wuri daban yake, kuma bambancin nasu ake son gani.

"Ba duk kiri-kiri ba ce?"

"Kawu, da a ce ka ware irin masararka mai saurin nuna da mai jinkiri, kowace a tukunyarta, sai wani mai ƙaunarka ya zo ya juye su a buhu ɗaya ya ƙara maka da tasa..."

Ban ƙarasa ba. Ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallon tulin da ke ƙofar gida.

"In ba ka kai ba, me zai faru?"

"Sai baɗi."

"Shekara?"

"Shekara, Kawu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "Kai kuma jiya da na tambaye ka, bakinka ciwo yake?"

Na sunkuyar da kai. Ya tashi ya shiga gida, na ji yana ce wa Inna Larai ta nemo masa jarkar mai. Kafin Magariba ya aika aka kira wani makiyayi maƙwabcinsu, ya zo da jakuna ya kwashe buhuna shidan. Ɗanyar ciyawa a tsakiyar bazara, kyauta. Mutumin ya yi ta godiya da Hausa da Fulatanci har ya sha kwana.

Komowa

Ana idar da Asuba Kawu ya fito da babur ɗinsa. Ya ɗaure wani ƙunshin buhu a kan tanki, ni kuma na hau baya da bokitai, mai ciyawa a cinyata, sauran uku a rataye. Ya ce motar haya ba za ta jira mu muna tonon ciyawa ba. A shingen Falgore jami'in shekaranjiya ya gane ni, ya ce, "Mai saiwa! Yau har da direba?" Ya ɗaga mana hannu.

Mun shiga Tudun Wada da hantsi. Kara babu shanu, sai dillalai kaɗan a rumfa. Kawu ya karɓi shebur ɗin daga hannuna, ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Ya naɗe riga ya durƙusa a gindin turke. Ashe a nan yake sayen shanun huɗa, duk sun san shi.

"Wa nake gani haka? Malam Sale na Doguwa?"

"Shekara arba'in kana yaƙi da ita, yau kuma reno ka koma?"

"A kawo masa zanen goyo!"

"Ku dai ku ji da ƙaryar da za ku yi ranar kasuwa," in ji Kawu, bai ko waiwaya ba. Ya yanko ta da kyau, murabba'i, ya ɗago. Sai na ga hannunsa ya nufi ƙotar shebur da ita zai buga. Na ce, "Kawu!" Ya tsaya cak da hannu a sama, ya dubi abin da ke hannunsa, ya yi tsaki, ya sa ta a bokiti da hannu biyu. Na sake rubuta sunan garin a inda toka ta kankare.

Kiru ba ta ba mu wahala ba. Ramina na nan ba a cike ba, muka haƙa kusa da shi bayan Azahar. Mahaifin abokina ya ba mu ruwa da dambu, bai tambayi komai ba. Uku ke nan.

La'asar sakaliya muka isa gefen Bagauda. Tun kafin babur ya tsaya na ga launin wurin ya canja. Shimfiɗar da na bari kore ta koma ruwan ƙasa, ganyen ya murƙushe, ga warin magani. Dattijo mai jar hula ya taho yana murmushi.

"A'a, mai dashen kiri-kiri! Ai zuwanka ne ya tuna mini yadda ta yi ƙarfi. Washegari na ari famfon feshi, ni da maƙwabtana muka bi gaɓar nan duka. Ka ga aiki?"

Na ce na gani. Na zauna a kan kunya. Ko da saiwar na da rai, wadda ta sha magani ba ta shiga gwaji. Ni da Kawu muka rabu biyu muka bi gaɓar, shi gabas ni yamma, har rana ta faɗi. Duk koren da muka gani na bakin lambu ne. Kawu ya dawo da wata a hannu, da ƙasarta, ya ce a bakin wata kwata ya samo ta, ai ita ma 'yar Bebeji ce. Na duba, ƙasar a jiƙe take. Na ce tana shan ruwa kullum, ba za ta yi ba.

"Malamin naku zai gane?"

"Ba zai gane ba, Kawu."

Ya dube ni, ya dubi ciyawar, ya wurgar da ita.

Ya kai ni bakin titin Zariya ya tsayar mini da mota. Shi zai koma Tudun Wada ya kwana wajen wani amininsa. Sai ya kwance ƙunshin nan da ya yini a kan tanki ya tura shi ƙarƙashin kujerata.

"Masara ce. Ka kai wa uwarka. Wannan ko ta gauraya ta da ta kasuwa babu wanda zai maimaita aji."

Na buɗe baki in yi godiya, mota ta ja.

Gida

Bayan Isha na shiga gida. Umma ta ƙirga bokitan da ido, ta ga na huɗu wayam, ta kawo mini abinci. Da na ba ta labari ta riƙe haɓa ta ce, "Sale ke nan. Tun yana yaro in ka aike shi gishiri sai ya haɗo da barkono."

Da safe na isa gonar makaranta kafin a saki ruwa. Dakta ya bi bokitan yana karanta rubutun, ya tsaya a kan wanda babu komai.

"Ina Bebeji?"

Na gaya masa duka, tun daga gayya har feshi. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gabansa ba. Da na zo wajen wankin toka ya juya baya yana tari. Sannan ya ce, "Duk hanyar nan ba ka ga wata ba ka cika bokitin?"

"Na gani. Tana shan ruwa."

Ya tura yatsa a ƙasar Kiru, ya ɗaga ta Tudun Wada ya dubi saiwar ta ƙasa. Ni dai ina tsaye ina jin ƙarar injin ruwa da aka tayar.

"Aikin zai ragu, makinka ma zai ji a jikinsa. Ka cire Bebeji daga taken aikin. Je ka dasa ukun kafin ruwa ya iso."

Na dasa su, fangali uku a jere, na huɗun na bar shi fili.

Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga mai masaukina na Kiru, da shugaban firamaren da ya bar ni na haƙa filinsa sau biyu, da mutanen Doguwa da suka ba da yininsu da zuciya ɗaya, da Inna Larai. Kawu kuwa na kira shi tun hannuna da laka. Ya ɗauka a bugun farko.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Kawu."

Na ji ya juya yana faɗa wa cikin gida, "Larai, sun karɓa!" Sannan ya dawo kan wayar ya rage murya.

"To ka gaya wa malamin naku, ni Sale na ce, ranar da kiri-kirin nan ta cinye Kano kada ya aiko neman gayya."